Bindigar gado

A wani ƙauye kudu da Maraɗi, cikin ƙasar Madarunfa, akwai wani manomi. Shekarunshi sun haura 50. Yana noman hatsi da wake. Yana da shanun huɗa biyu da ƴan awaki. Bai yi lakwal ba, amma ya yi karatun manya. Yanzu yana karanta takarda da kanshi, yana rubutawa.

A ɗakinshi, bisa kan gado, akwai wata tsohuwar bindiga rataye da igiyar fata. Irin wadda ake ce ma adaka ce. In an tsaida ta ƙasa, bakinta yana kaiwa kafaɗar mutum. Ba ta da kyan gani. Tsatsa ta ci ƙarfen. Ƙotar ta tsage, an ɗaure ta da fata. In an kai ta kasuwa, ba za ta yi kuɗin rago ba.

Amma a shekara ta 2021, lokacin da uban manomin ya rasu, wannan bindiga ta kusa raba ƴan'uwa ciki ɗaya. Gona ba ta kawo gardama ba. Dabbobi ba su kawo gardama ba. Bindigar ce ta kawo. Ga yadda abin ya faru.

Inda ta fito

Mutanen gidan asalinsu ba na Maraɗi ba ne. Kakan uban manomin daga Damagaram ya zo. A gidan, Baba na Damagaram ake ce mashi.

A zamanin da, Damagaram ta yi suna wajen bindiga. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye birnin Zinder da ganuwa. Ya tara bindigogi dubbai. Wasu ta hamada suka zo, daga Tarabulus, bisa raƙuma. Maƙeran birni suna gyaran su, ana haɗa albarushi, har igwa an ƙera. Masu riƙon bindigogin sarki ana ce masu ƴan bindiga. A lokacin, suna ne na girma.

A 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, aka kashe wani hafsan Faransa mai suna Kazamaju a Zinder. Da shekara ta zagayo, sojan Faransa suka taso daga yamma. Su ne suka ƙone Birnin Konni da garuruwa da yawa a kan hanya. A ƙarshen watan Yuli na 1899 aka gamu a Tirmini, yamma da Zinder. Bindigar Nasara ta gindi ake ɗura ta. Tana kai nesa. Tana halbi sau da yawa kafin mai adaka ya gama ɗuri ɗaya. Rundunar Damagaram ta karye a ranar. Sarki ya bar birni, bayan ƴan makonni aka kashe shi.

Wannan duka yana cikin tarihi. Abin da ya biyo baya kuwa labarin gida ne, daga baki zuwa baki.

Mutanen gidan suna cewa Baba na Damagaram saurayi ne a ranar Tirmini, yana cikin ƴan bindigar sarki. Sau ɗaya ya halba. Hayaƙi ya rufe mashi ido, bai ga inda darmar ta faɗa ba. Kafin ya sake ɗuri, abokinshi da ke tsaye kusa da shi ya faɗi. Ya gudu da bindigar a hannu. Ya naɗe ta cikin tabarma, ya turbuɗe ta ƙarƙashin rumbu. Nasara suka kafa doka, ba mai riƙe bindiga sai da takardarsu. Ta yi shekaru a ɓoye. Da ƙura ta lafa, ya tono ta. Ya ɗauki matarshi, ya yi yamma, inda ya ji akwai daji da ƙasar noma. Can ya sari gona, can ya haifi ƴaƴa, can aka rufe shi.

Har ya mutu bai sani ba ko ya kashe mutum a Tirmini. Wannan rashin sani ya dame shi ƙwarai. Shi ya sa ya bar wasiyya ukku tare da bindigar. Ta farko: kada a sake nuna ta ga ɗan Adam. Ta biyu: kada ta kwana cikin gida da ɗuri. Ta ukku: kada a ba da aronta, ko ga suruki. Ya kuma sa maƙeri ya ɗaura mata zobe ɗaya na tagulla, shaidar hannunshi.

Zamanin daji

Ɗanshi, wato kakan manomin, mahalbi ya tashi. A lokacin, dajin Baban Rafi daji ne na gaske. Akwai barewa, akwai gada, akwai zabin daji, akwai kura. Har cikin shekarun 1980 giwaye suna shigowa daga Najeriya. Mahalban ƙasar da baka da kibiya suka saba. Masu bindiga ɗaya-ɗaya ne. Ranar buɗin daji, in mahalba suka taru, kowa ya san ƙarar adakar Kaka.

Ɗurin adaka aiki ne na haƙuri. Ta baki ake zuba albarushi. A tura tsumma, a danna da tsinken ƙarfe. A zuba darma, a sake dannawa. In an ja kunama, sai ƙanƙara ta ƙyasta, wuta ta kama. In damana ce, albarushi ya ji sanyi, sai ta ƙi tashi. Halbi ɗaya gare ka. In ka kuskure, nama ya tafi. In mugun nama ne, kai ne za ka gudu. Shi ya sa wasu suke ce mata halba-ka-ruga.

Saboda haka mai adaka ba ya halbi cikin fushi, ba ya halbi cikin gaggawa. Kaka yakan yi rabin yini yana rarrafe bayan barewa ɗaya. Wata rana ya komo hannu wofi, don ya ga tana da ciki. Shi ya ƙara wasiyya ta huɗu: ba a halbin mai ciki, ba a halbin mai shayarwa. Yakan ce wanda ya kashe uwa ya kashe naman baɗi.

Wata shekara, kura ta addabi garin. Kowane dare sai ta ɗauki akuya. Kaka ya yi kwanto dare ukku bakin garke. A dare na ukku ya same ta. Amma ya cika ɗurin fiye da kima. Bindigar ta buge shi a kafaɗa, ta faɗi bisa kututture, ƙota ta tsage. Ya ɗaure ta da ɗanyar fata. Fatar ta bushe, ta kama ƙam. Ita ce ke jikinta har yau. Zobe na biyu na Kaka ne.

Shekarar El Buhari

A zamanin uban manomin, daji ya ja baya. Mutane sun yi yawa, gonaki suka cinye jeji. Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi, namun daji suka yi wuyar gani. Hukuma ta tsananta dokar farauta. Uban bai zama mahalbi ba, manomi ya zama. Amma ya sa zobe na ukku.

A hannunshi, sau biyu a shekara bindigar take magana: ƙaramar salla da babbar salla. Albarushi kaɗai yake zubawa, ba darma. Ya ɗaga bakinta sama, ya halba. Mata su yi guɗa, yara su watse da dariya.

Kowace Juma'a bayan la'asar yakan sauko da ita. Ya shimfiɗa buzu, ya shafa mata man gyaɗa da tsumma. Yara su kewaye shi. A nan manomin ya ji labarin Tirmini. A nan ya ji labarin kura. A nan ya haddace wasiyya huɗu. Uban ba mai yawan magana ba ne. A gona shiru, a wurin tuwo shiru. Sai bindiga tana bisa cinyarshi bakinshi yake buɗewa. Har yau, in manomin ya ji ƙanshin man gyaɗa bisa tsohon ƙarfe, ubanshi yake gani.

A 1984 ruwa ya ƙi. Hatsi ya bushe kafin ya yi kai. A watan Afrilu na shekarar Najeriya ta rufe iyakarta, zamanin Janar Buhari. Mutanen Maraɗi suka sa ma yunwar suna El Buhari. Manomin yana da shekara 13 a lokacin.

Rumbu ya zama wayam. Uban ya saida awaki. Ya saida keke, ya saida rediyo, ya saida babbar rigarshi ta salla. Inna ta saida tasoshinta na aure. Sai wani mai sayen kayan da ya zo garin. Ya ga bindigar, ya taya rabin buhun hatsi.

Inna ta ce: «Malam, ka saida. Ƙarfe za mu ci?»

Uban bai yi barci ba a daren. Da asuba ya saɓa bindigar, ya fita. Ya kai bakin gari. Ya tsaya ƙarƙashin wata tsamiya. Can sai ga shi ya komo da ita. Ya ce ma Inna: «In na saida ta, kwana nawa za mu ci hatsin? In ya ƙare, ba hatsi, ba ubana.»

Ya ɗauki gatari. Wata biyar yana saran itace, yana kaiwa Maraɗi bisa jaki, yana komowa da tiya ɗaya ko biyu. Yara sun sha yunwa. Manomin bai manta ba. Ya daɗe yana jin haushin bindigar nan. Allah ya sa ba a rasa kowa ba a gidan. Da an rasa, da labarin ya sake. Ko uban ya yi daidai, ko bai yi ba, har yau Inna da ɗanta ba su gama wannan magana ba.

Ranar rabon gado

Uban ya rasu a 2021, bayan girbi. Ya bar Inna da ƴaƴa huɗu: manomin shi ne babba, sai ƙanwarshi, sai wani ƙane mai tebur a kasuwar Maraɗi, sai Auta.

Bayan sadakar arba'in, liman da mai gari suka zauna. Aka auna gona. Aka yi ma dabbobi kuɗi. Inna ta samu tumuninta. Namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Ba wanda ya ɗaga murya. Sai aka sauko da bindiga.

Liman ya ce ita ma dukiya ce. Tun da ba ta rabuwa, sai a yi mata kuɗi. Wanda ya ɗauka ya biya sauran magada.

Ɗan kasuwa ya ce: «A saida ta kawai. A birni akwai masu sayen kayan da, suna ratayewa don ado. Kuma ba ta da takarda. Wata rana za ta jawo mamu magana.»

Manomin ya ji kamar an mare shi. Shi da ya tashi yana jin haushinta, shi ne ya ce: «Abin da Baba bai saida ba cikin El Buhari, ba za a saida shi cikin ƙoshi ba.»

Sai Auta ya miƙe. Ya ce: «Ni a ba ni ita. Ina da aikin da za ta yi.»

Kowa ya san abin da yake nufi. Shekaru ke nan ƙasar kan iyaka ba ta da kwanciyar hankali. A 2019 kaɗai, mutane sama da dubu 40 suka gudo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, suka shigo jihar Maraɗi. Ɓarnar ba ta tsaya can ba. A ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji an kori shanu, an ɗauki mutane sai an biya kuɗin fansa. A damanar da ta wuce, an kwance shanun huɗa na Auta cikin dare. Yana ɗaki, yana jin su. Matarshi ta toshe bakin jinjiri. Ba komi a hannunshi sai hauya.

Auta ya ce: «Yaya, bindiga tana rataye a ɗakin Baba, ana kora shanuna. Mi amfaninta? Samarin gari za su fara tsaron dare. Da ita zan fita.»

Manomin bai samu amsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Ba shi aka kwance ma shanu ba.

Ga abin baƙin ciki. Masu ɓarnar nan, ƴan bindiga ake ce masu. Sunan da Baba na Damagaram ya ɗauka da alfahari, sunan masu halbin murna ƙofar fada ranar hawan salla, shi ne yau uwa take ji ta rungume ɗanta. A gidan, ba wanda ya sake cewa kakansu ɗan bindiga ne. Sai a ce sojan sarki ne.

Aka tashi ba a gama ba. Sati biyu manomin da Auta ba su ci tuwo akushi ɗaya ba.

Wurin maƙeri

Inna ce ta nemo hanya. Ta ce: «Liman ya ce a yi mata kuɗi. To ku kai ta wurin Sarkin maƙera. Ubanshi ne ya sa mata zobe na ukku. Ku tafi tare.»

Suka tafi. Tsohon ya karɓe ta da hannu biyu, kamar mai karɓar jinjiri. Da farko ya zura tsinke, ya tabbata ba ɗuri a ciki. Ya ce tsohon albarushi yakan yi shekaru yana jira, bai mutu ba. Sannan ya leƙa bakinta a rana. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ƴar guduma, yana saurare. Ya kankare wajen gindi da wuƙa. Tsatsa ta ɓamɓaro.

Ya ce: «Auta, zo ka taɓa nan.»

Auta ya taɓa.

«Man gyaɗa ya tsare waje, bai tsare ciki ba. Ƙarfen nan ya koma kamar ɓawon albasa. In ka ɗura ta, ba ɓarawo za ta ci ba, hannunka za ta ci. Na ga waɗanda tsohuwar adaka ta fashe ma, ta raba su da yatsu, ta raba wani da ido.»

Auta ya yi shiru.

Tsohon ya ci gaba: «Ko da lafiyarta lau, ka yi lissafi. Masu zuwa da dare, bindigarsu tana ɗaukar harsashi 30. Kai ɗaya gare ka. Kakan ubanka ya ga wannan lissafi a Tirmini. Kuma in labari ya bazu cewa gidan wane akwai bindiga, gidan za su fara nema.»

Auta ya ce: «To, Baba, in zauna a yanka ni?»

Maƙerin ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce: «Ban ce haka ba, ɗana. Ba ni da maganin wannan masifa. Abin da na sani na faɗa maka. Wannan tsohuwa ba ta iyawa.»

Manomin ya tambayi kuɗinta. Tsohon ya ce: «In ƙarfe kuke tambaya, kuɗin ƴar akuya. In abin da ke zuciyarku kuke tambaya, ba ni da ma'auninshi.»

Abin da doka ta ce

A kan hanyar komowa suka biya wurin mai gari. Ya bayyana masu doka. A Nijar, riƙe bindiga sai da takardar izini daga hukuma. Gado ba ya zama takarda. Farauta ma sai da izini, akwai dokarta ta 1998. Tun 1994 aka kafa hukuma ta ƙasa mai tattara makaman da ba su bisa doka. Ran 25 ga Satumba na 2000, a Agadas, aka tara bindigogi sama da 1000 na tawayen arewa, aka cinna masu wuta gaban jama'a, don shaidar zaman lafiya.

Mai gari ya ce ma Auta: «In aka gamu da kai cikin dare da bindiga ba takarda, wa zai tsaya ya tambayi labarin kakanka? A duhu, mai tsaro da ɓarawo kamarsu ɗaya.»

Yadda aka ƙare

Aka sake zama a tsakar gida. Wannan karon ƙanwar manomin ce ta fara magana. Ba ta ce komi ba a zama na farko.

Ta ce: «Ni mace ce, ban taɓa saɓa ta ba. Amma ni ce mai riƙe ma Baba kwanon mai kowace Juma'a. Abin da kuka ji, na ji. Ba ƙarfe kaɗai aka bar mamu ba. Da magana aka bar shi.»

Ta lissafa wasiyya huɗu, ɗaya bayan ɗaya, da irin muryar ubansu. Inna ta rufe fuska da zane.

Ta ce: «Ta farko ta ce kada a nuna ta ga ɗan Adam. Shekara 120 da ɗoriya an riƙe wannan magana, cikin yunwa da cikin ƙoshi. Wanda zai ɗauki ƙarfen, ya ɗauki maganar. Ni na yafe rabona, in ba a saida ta ba, in ba a fita da ita dare ba.»

Ɗan kasuwa ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ma ya yafe, amma a sanar da hukuma.

Auta ya tashi, ya fita. Kwana ukku ba a ji ta bakinshi ba. A na huɗu ya shigo ɗakin wanshi da sassafe. Ya gaishe shi, ya zauna ƙasa.

Ya ce: «Yaya, ka riƙe ta. Kai ne babba. Amma ni ban yafe rabona ba. A cire kunamar, a ba ni.»

Manomin ya ce: «Mi za ka yi da kunama ba bindiga?»

Auta ya ce: «In ta zauna cikakkiya, wata rana zuciya za ta ɗebe ni, in zo in ɗauka. Na san kaina. Kuma ni ma ina son abin Baba a ɗakina.»

Haka aka yi. Sarkin maƙera ya kwance kunamar. Auta ya naɗe ta cikin tsumman da ubansu yake shafa mai da shi, ya sa a akwatinshi. Su huɗu suka haɗa kuɗi, aka ɗaura zobe na huɗu. Manomin ya ce wannan zobe ba nashi ba ne shi kaɗai, na su duka ne.

Aka sanar da mai gari. Ya rubuta a littafinshi, ya kai magana gaba. Manomin ya ce in hukuma ta ce a kawo ta, zai kai da hannunshi. Zai ji zafi, amma zai kai.

Shanun Auta ba su komo ba. Da shanun wanshi ya yi huɗar damana ta gaba. Garin ya koma ɗaure dabbobi a tsakiyar gari. Samari suna kwana bi da bi, da tocila da salula. An rubuta lambar jandarma a bangon zauren mai gari. Tsoro bai ƙare ba. Akwai daren da Auta yake kwance ido biyu, yana jin haushin kanshi da na kowa. Amma yana cin tuwo akushi ɗaya da wanshi.

Ga masu irin wannan gado

Ba wannan gida kaɗai ba ne. A ƙasar Hausa, da Adar, da Abzin, gidaje da yawa suna da abin da kakanni suka bari. Wani adaka, wani takobi, wani mashi, wani baka da kwari. Baƙo ya gani ya ce tarkace ne. Mai gida ya gani ya ga ubanshi. Ba wauta ba ce. Mutanen karkara ba su gaji hoton kakanninsu ba, ba su gaji wasiƙunsu ba. Abin da hannunsu ya riƙe, shi ne ya rage.

Amma bindiga ba kamar buzu ko tasbaha ba ce. Tsohuwa ce, amma tana iya kisa. Mai ita ya kai ta wurin maƙeri, a duba ko akwai ɗuri a ciki. Ya rataye ta inda hannun yaro ba ya kai. Ya sanar da mai gari, ya tambayi abin da doka ta ce. Ya yi maganar wanda zai gaje ta tun yana da rai, gaban ƴaƴanshi duka, maza da mata. Sama da kome, wanda ke da tsoho a gida ya zauna kusa da shi, ya tambaye shi: daga ina ta fito? Wa ya riƙe ta? Mi ya ce a yi, mi ya ce kada a yi? In tsoho ya tafi da wannan magana, abin da ya rage ƙarfe ne mai hatsari.

Manomin ya yi wani abu da kakanninshi ba su iya ba. Ya sayi kaye a kasuwa, ya yage takarda ɗaya. Dare biyu yana rubutu ƙarƙashin fitila, harafi bayan harafi. Ya rubuta sunan Baba na Damagaram, da na Kaka, da na ubanshi. Ya rubuta Tirmini, 1899. Ya rubuta El Buhari, 1984. Ya rubuta wasiyya huɗu. A ƙasa ya sa sunayen su huɗu da suka gada. Ya naɗe takardar, ya zura ta cikin bakin bindigar, inda da ake zuba albarushi.

Kowace Juma'a bayan la'asar yana sauko da ita. Ya shimfiɗa buzun ubanshi. Ƴar Auta ce mai riƙe kwanon mai. In ya gama shafawa, sai ya zaro takardar, ya miƙa ma yaron da ya fi iya karatu a lakwal, ya ce: «Karanta, kowa ya ji.»

Allah shi jiƙan magabata. Allah shi kawo kwanciyar hankali a ƙauyukan kan iyaka, shi ba da damana mai albarka.